Musayar waƙa: Monarchs na Kansas City, wa ya ci gidansu?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum 'yan uwa, yau fagenmu besbol ne, wasan nan na Amurkawa da ɗaya ke jifa ɗaya na bugu da sanda, kuma zan buɗe da kulob ɗin baƙar fata da ya watse tun 1965. Amsa-amo "ba" ne, wanda ya shirya bismillah.

A 1920 aka kafa Monarchs a Kansas City,
Babban lig ya kore su don fata, ba don ba su iya ba.
Rube Foster ya tara mazaje ya kafa musu nasu lig,
Wilkinson Bature ya riƙe kulob, bai raina su ba.
1924 suka kara da Hilldale a gasar ƙarshe,
Kofi ya zo gida, ba su dawo hannu rabbana ba.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam Malam, amma ka tsallake zancen fitila wallahi, ai nan ne ni abin ya fi burge ni.

Talauci ya danne Amurka a 1930,
Mai aikin rana bai samu sukunin zuwa kallo ba.
Wilkinson ya ci bashi ya sayo janareta,
Ya loda fitilu a manyan motoci, bai ji tsoro ba.
Su isa gari da la'asar su kakkafa dogayen turaku,
Da dare fili fayau, jama'a ba su saba gani ba.
Sai 1935 babban lig ya kunna nasa fitilun,
Shekara biyar yana baya, bai kamo ƙurarsu ba.

Baba Tela:
Madalla 'yata. Bari tsoho ya sa baki.

Ran Lahadi a taso coci a nufi fili,
Kwat da hula, mata da ado, ba a zo da wasa ba.
Satchel Paige in ya ɗaga ƙafa ya saki ƙwallo,
Mai sanda ya kai duka, bai taɓa komai ba.
1942 Homestead Grays suka zo da Josh Gibson,
Wasa huɗu aka yi, ko ɗaya Grays ba su ci ba.

Ɗan Kurmi:
Allah ya ƙara lafiya Baba, ga inda daɗin yake kuma.

Jackie Robinson ya sa rigarsu a 1945,
Dala 400 a wata, bai wuce shekara ɗaya ba.
Branch Rickey na Brooklyn Dodgers ya gan shi ya ɗauka,
15 ga Afrilun 1947, ranar da ba za a manta ba.
Ya shiga filin babban lig ana zagi ya haɗiye,
Ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba.

Baba Tela:
Ɗana a nan zan saɓa maka kaɗan, murnar gaskiya ce ban musa ba amma ka tambayi masu gidan da aka kwashe wa yara tukuna, don su fa ba dariya suka yi ba.

Rickey ya ɗauke Jackie daga hannun Monarchs,
Ko sisin kwabo bai biya masu kulob ba.
Paige ya tafi Cleveland yana da shekara 42,
Ernie Banks ya bi Cubs na Chicago, Elston Howard ma bai tsaya ba.
'Yan kallo suka koma bin labarin Dodgers,
Kujeru suka zama wayam, kuɗin ƙofa bai isa ba.
1955 Athletics na babban lig suka sauka a garin,
Monarchs ba su ƙara zama masu gida ba.

Uwar Biyu:
To Baba so kake su zauna a ware har abada don kulob ya rayu? Ni dai a'a gaskiya.

Kowa ya haifi ɗa yana so ya wuce shi,
Tafiyar yaran ba ita ce laifi ba.

Baba Tela:
Haka ne 'yata, ban ce su zauna ba, laifin na masu ɗiba ne.

An ɗauki ɗan wasa an bar koci da mai kulob,
An bar mai tikiti da direba, ba a waiwaye su ba.
Buck O'Neil da ya riƙe su tun 1948,
Sai 1962 ya zama koci a Cubs, kafin shi ba a ba baƙar fata ba.
Kulob ya koma hannun Ted Rasberry a Michigan,
Yawo gari gari har 1965, bai sake tashi ba.

Ɗan Kurmi:
Na karɓa Baba, wannan ya zauna. Ga nawa na ƙarshe kafin caji ya ƙare.

O'Neil bai bar labarin ya bi ruwa ba, shi da abokai,
Gidan tarihi na unguwar 18th da Vine a Kansas City bai tashi a banza ba.
Disambar 2020 babban lig ya ce 'yan lig ɗin baƙar fata ma manya ne,
Daga 1920 zuwa 1948, ba ƙananan 'yan wasa ba.
Sai dai Paige da Gibson da O'Neil duk sun kwanta dama,
An yi shelar, su ba su ji ta da kunnensu ba.

Uwar Biyu:
Ku maza kun gama naku ba wanda ya tuna Toni Stone, macen da ta buga wa Monarchs a 1954 a tsakiyar maza. Gobe in Allah ya kai mu ni zan buɗe da ita, kuma amsa-amo "ta" ne, Baba ka shirya.