Lambar GHz ba ita kaɗai ce saurin kwamfuta ba

Masu gyaran kwamfuta da suka tattauna batun sun ce kada lambar GHz ta ruɗi mai saye. Tana ƙirga bugun furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ne a daƙiƙa, ba aikin da yake gamawa a kowane bugu ba. Furosesa Core 2 Duo na 2006 mai 2.4 GHz ya tsere wa Pentium 4 mai 3.8, saboda haka a riƙa kwatanta 'yan zamani ɗaya kawai.

Sun fi jaddada zafi: da ya doshi digiri 100 a ma'aunin Celsius, furosesa kan rage gudu da kansa. A busa ƙurar fanka, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Laftop mai jan ƙafa kuwa, galibi SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai) mai girman 8GB ne maganinsa.