Giyar otomatik ɗina ta fara gardama, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Abban Sadiq:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda abin nan ya taɓa samunsa da kansa nake so ya ba ni labari, ba wanda ya ji a majalisa ba. Motata Honda Accord ce 2003, EOD mai silinda huɗu, shekara shida tana hannuna ban taɓa buɗe giyarta ba. Wajen sati uku kenan in na tashe ta da safe na sa D sai ta yi shiru kamar ba da ita nake ba, sai na ƙirga uku zuwa huɗu sannan ka ji dum ta shiga. In ta ɗau hanya lafiya lau, amma da ta yi zafi, musamman in na faɗa cunkoson Kabuga da rana tsaka, daga ta biyu zuwa ta uku sai injin ya yi ta kuka allurar juyin inji ta wuce 3000 motar kuma ba ta ƙara sauri, can sai ta fizga kamar an daki bayana. Jiya kuma fitilar D ta fara ƙiftawa. Bakanikena ko tuƙa ta bai yi ba, ya dai leƙa ya ce Alhaji giya ta tafi sai dai a sayo ta Beljiyam. Kuɗin da ya faɗa wlh sai da na nemi benci na zauna, ga kuɗin makarantar yara na tafe.

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Malam kafin komai zaro sandar man giya mai kan rawaya ka goga a farin tishu ka gani. Ja garau ne, ko ya yi ruwan ƙasa, ko ya yi baƙi yana warin ƙauri? Kuma a Honda ba a duba shi injin na aiki, ka bari ta yi zafi ka tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri ka kashe ta, cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ka auna. Toyota ce ake dubawa tana kunne a P, yaran gareji da yawa haɗa su suke.
Ni tawa Accord ce Baby Boy 2001, haka ta yi min shekara biyu da suka wuce, ashe wani yaro ne ya ɗura min jan man nan na galan da suke zuba wa kowace mota har da sitiyari. Na koma DW-1, man giyar Honda, shi ne ya gaji Z1 ɗin da aka rubuta a littafin motar. In ka kwance notin juye man wajen lita 3 kawai ke fita alhali cikinta ya fi lita 6, to haka na yi sau uku, a juye a zuba in yi yawon kwana biyu in dawo. Fizgar ta ragu sosai, ban ce ta koma sabuwa ba amma har yau da ita nake zuwa Dawanau.

Abban Sadiq:
Na duba yanzun nan. Ruwan ƙasa ne mai duhu, akwai ɗan wari amma ba ƙauri sosai ba. Rabon da a canza shi kam, in faɗi gaskiya, tun da na saye ta.

Baba Direba:
To kar ka taɓa shi yaro. Shekara 30 ina tuƙi, tsohuwar giya in ka canza mata mai ranar za ta kwanta. Na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Injiniya na Sharaɗa:
Baba ranka ya daɗe abin da ka gani gaskiya ne amma ba sabon man ne ya kashe ta ba. A cikin giyar akwai faiba, su ne kulocinta, mai ne ke matse su su kama. In suka cinye, garinsu yana yawo a tsohon man yana ɗan taimaka musu su riƙe, ranar da ka wanke shi tas sai santsin ya fito fili, wato dama ta mutu jana'iza ce ba a yi ba. Shi ya sa nake hana mutane falashin na inji, wato wanke cikin giya da na'ura, a tsohuwar giya, yana tayar da datti ya je ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Juyewa a zuba kaɗan-kaɗan kamar yadda Ɗan Kurna ya yi shi ne daidai. Kuma Alhaji in an kwance notin juye man ka tsaya a wajen da kanka, akwai maganaɗisu a bakinsa. In baƙin laushi ne kamar kwalli wannan ba komai, in ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli to fara tara kuɗi.

Maman Ilham:
Ni kam nawa daban ne amma bari in faɗa ko wani zai tsira. Camry Big Daddy 2004, na ɗauko yara daga Islamiyya muna Zoo Road ana dab da magariba, danja ta ba mu hannu na taka totur mota ta ce ba da ni ba, injin na ta ihu ita ko tana tsaye, masu Adaidaita Sahu sun cika min kunne da hon, wani har da leƙowa yana cewa Hajiya in ba ki iya ba ki ba maigida. Yara suka fara kuka. Na kira ƙanina ya zo da abokinsa suka ɗaura mata igiya suka ja ta har Hotoro, mu a tunaninmu dabara muka yi mun tsira da kuɗin janwe.
Washegari da aka zaro sandar man, abin da ya fito kamar shayin da aka cika wa madara. Ashe bututun da ke sanyaya man giya a cikin lagireto ne ya fashe ruwa ya shiga. Kuma abin haushin kusan sati biyu ina ganin ruwan lagireto na raguwa ina ƙarawa da fiya wata, ban ga yana ɗiga a ƙasa ba sai na share. Bakaniken ya ce ruwan ya ɓare faiba, jan da aka yi mata kuma ya ƙarasa sauran, tunda in inji a kashe yake famfon mai baya aiki, ƙarfe ke cin ƙarfe a bushe. Giya da lagireto duk sai da aka canza. Sarƙata ta tafi a wannan hidimar, har yau in na tuna sai na ji wani abu a wuya.

Ɗan Kurna:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Motar da tayoyin gaba ke tafiyar da ita, in dole sai an ja ta, a ɗaga tayoyin gaban. Kuma masu cewa a tura otomatik ta tashi in batir ya mutu, dan Allah ku daina wahalar da 'yan unguwa.

Sani 406:
Alhaji fitilar da ke ƙiftawa magana motar ke yi maka, kai ta a sa mata kwamfuta kafin kowa ya ɗora mata sifana. Tawa Peugeot 406 ce mai giyar AL4, ta tsufa iya tsufa, wata rana a hanyar Zariya wajen Na'ibawa na ji gaf, ta maƙale a ta uku ta ƙi hawa ta ƙi sauka, fitilun S da na alamar ƙanƙara suna ta wal-wal. In na kashe na kunna sai ta saki, in ta yi zafi ta koma. Gareji biyu suka ce a sauke giya. Na uku ya sa kwamfuta ya ce solanoyid biyu ne masu daidaita ƙarfin mai suka gaji, ko sauke giyar ba a yi ba aka canza su. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da waɗancan suka yanka min ba.

Auwalu Gwammaja:
Ni na sayi ta Beljiyam ɗin, kuma sau biyu, don haka ku saurara. Ta farko ban je ba, bakanike na ba kuɗi ya kawo, an wanke ta da fetur tana sheƙi kamar amarya. Aka ɗaura, kwana tara ribas ya ɗauke. Muka koma mai kayan ya ce garantin sati ɗaya ne, kuma wai shi ba da hannuna ya karɓi kuɗi ba. Daga baya wani da ya buɗe ta ya nuna min gam a bakin murfin da shaidar sifana a kan notuna, wato ta gida ce aka yi wa kwaskwarima aka sa mata sunan Beljiyam. Na yi rantsuwa na yi fushi, ƙarshe dai dattawa suka shiga aka ce a yi haƙuri, kun san yadda ake yi.
Ta biyu da ƙafata na je Ƙofar Ruwa da wani bakaniken daban, muka ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohuwar muka dinga gwadawa har muka samu wadda ta yi daidai, don shekara ɗaya da mota ɗaya ba ya nufin soket ɗin zai zo ɗaya. Na zaɓi mai ƙura da dattinta, na sa aka kwance noti na ga launin man da ya rage, na ce da kwanbatarta, abin da ke haɗa inji da giya, nake so ba za a mayar min da tsohuwar ba, kuma aka rubuta garantin sati biyu a rasit daga ranar ɗaurawa ba ranar saye ba. A satin nan biyu ban tausaya mata ba, Wudil na je na dawo sau biyu da rana tsaka da AC a kunne. Shekara ɗaya da rabi kenan, alhamdulillah.

Baba Direba:
Duk wannan wahala ce. A mayar da ita giyar hannu a huta.

Auwalu Gwammaja:
Baba ai ba giyar kaɗai ba ce, sai fedar kuloci, sai filawil, sai shaf, ga rikicin birenbos, wato kwamfutar motar, da wayoyi, in ba gwani ya yi ba fitilar cek ba za ta ƙara mutuwa ba. Kuma ranar sayarwa dillalai su karya ta. Ga shi mutumin da ke bin Kabuga kullum, ƙafarsa ta hagu ta yi laifin me.

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Na kai an sa kwamfuta ta nuna lambar matsala P0847, mai aikin ya ce suwic ɗin da ke auna ƙarfin mai na kulocin giya ta uku ne, aka canza shi. An juye man sau ɗaya an zuba DW-1, na tsaya a kai kamar yadda Injiniya ya ce, notin ya fito da baƙin laushi cunkus amma ban ga ƙarfe ba. Fitilar ta daina ƙiftawa, jinkirin safe ma ya ragu. Sai dai jiya da na hau gadar Ƙofar Nassarawa da mutum huɗu a ciki ta ɗan sake yin santsin nan sau ɗaya.

Injiniya na Sharaɗa:
Yi juyi na biyu ranar Asabar ka ƙara gani. In bayan na uku tana yi da zafi, faiban ta uku ne suka gaji, sai a zauna a lissafa gyara ko saye. Kafin nan daina taka ta da ƙarfi a hawa.

Abban Sadiq:
To shikenan Injiniya. Malam Auwalu ka ajiye min rasit ɗin nan naka kusa, in ta ƙi ina so in ga yadda aka rubuta garantin.