Fita da ƙananan yara kurmin bayan gari a lokacin kaka: me ya kamata a kiyaye?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ruwa ya ɗauke, ina so mu kai yara, ɗan shekara 3 da 'yar shekara 6, kurmin da ke bayan garinmu su ga itatuwa da tsuntsaye. Wane lokaci ya fi, nisa nawa za su iya, kuma me za mu riƙe?

Ɗan Gandu: Wa'alaikumussalam, Hajiya. Ku fita ƙarfe 7 na safe, ku dawo kafin 10, don Oktoba akwai zafi kafin hunturu ya sauko. Ƙaramin yaron zai iya kilomita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zuwa da dawowa, sauran sai goyo. A tafi da zane, keken jarirai kafewa yake yi a yashi. Ruwa kamar rabin lita kowane yaro, hula, dogon wando mai kauri da takalmi sau ciki. Ban da silifas.

Haɗarin kaka a ƙasa yake. Ciyawa ta kai ƙugu, ta fara bushewa, saboda haka ku bi turbar da ƙafa ta riga ta taka, babba a gaba da sanda, babba a baya. Ƙarangiya ta nuna, a riƙe matsefi a kankare ta daga wando, don in aka sa yatsa ƙayar karyewa take yi a fata. Karara ta fi ta muni: kwanson nan mai gashi da ke rataye jikin itace. In yaro ya taɓa kada ya sosa, susa tana ƙara cusa gashin. A manna salatif a ɗaye, a wanke, a sauya riga. In kun ga amya a kan itace ku zagaye.

Kafin komai a tambayi mai unguwa halin da dajin ke ciki. Ba kowane kurmi ake shiga ba a yanzu. Waɗanda ke kusa da Jos suna da gandun namun daji da aka kafa a 1972, akwai inuwa da wurin zama.

Ma'aikaciyar Jinya: Zan ƙara kan maciji, don lokacin girbi yana cikin lokutan da sara ke yawa. Kububuwa ƙarama ce, kalarta ta saje da ƙasa, kuma dafinta yana hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Ita ce ta fi kai mutane asibitin masu saran maciji na Kaltungo. Kada yaro ya ɗaga dutse ko ya zura hannu a rami ko suri. In tsautsayi ya faru, ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire awarwaro ko takalmi kafin kumburi, a ɗaura wa ƙafar kara don kada ta motsa, a ɗauki yaron, kada ya taka, sai asibitin da ke da allurar maganin dafi. Ku san wannan asibitin tun daga gida.

Sai abin sawa a baki. Idon zakara, ja mai ɗigon baƙi, yara na son tsintarsa, kuma in an tauna yana kisa. Haka 'ya'yan zurma, cin da zugu da zaƙami. Nonon tumfafiya yana yi wa ido lahani. Ƙwallon magarya kuma yana iya shaƙe ƙaramin, a ɓare masa naman kawai.

Malamin Firamare: Kada tsoron ya hana ku, 'yar'uwa, kaka akwai abin kallo. Ku nuna musu gawo: yanzu yake fitar da ganye, alhali da damina tsirara yake, kuka kuwa yanzu take zubar da nata. Ɗinya tana ƙarewa, magarya da kanya da taura suna tafe. A ba babbar yarinyar leda ta tara ganye iri biyar, a gida a danne su cikin tsohon littafi ta faɗi sunan kowanne. Ku guji gonakin da ba a girbe ba, in kuma kun hango hayaƙi ku juya, busasshiyar ciyawa da iska wutarsu ta fi yaro gudu.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Asabar da safe za mu je in sha Allah, bayan babansu ya ga mai unguwa.