Ina neman safar hannu mai araha don aikin tankin kifi

Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifi. Ina da ɗan tankin tarwada a gida, a ƙauyenmu kusa da Ringim. Ƙayar tarwada na soke ni wajen kamu, ga hunturu ya tsattsaga min hannu, ruwa na taɓawa sai raɗaɗi.

Safar asibiti nan take take yagewa. Ta wanke-wanke kuwa gajera ce, ina nutsa hannu sai ruwa ya cika ta.

Don Allah akwai mai kauri har gwiwar hannu, wadda ba tsada, kuma ba za ta kankare wa kifin santsin jikinsa ba? A Sabon Gari zan nema, ko wajen masu sayar da abincin kifi?