Darasin rubutu a shekarar farko ta jami'a: me ake nema a wurinmu?

Sabon ɗalibi, Garin Malam:
Assalamu alaikum yayyena da malamai. Allah ya ba ni bak bana, zan shiga L1, wato shekarar farko ta lisans, a Jami'ar André Salifou nan Damagaram. An ce akwai darasin dabarun rubutu, wanda ake kira techniques d'expression. To mu da muka sha disertasiyo, wato rubutun tattauna batu da hujja, tun a lise, me kuma za a koya mana? Kuma me malami yake dubawa in zai ba da maki?

Malamin Faransanci, Birni:
Wa'alaikumus salam ƙanena, barka da arziki. Abin da darasin yake so shi ne ka iya amsa tambayar da aka yi maka, daki-daki, da hujja. Mafi yawan masu faɗuwa sun san karatun, sai dai suna ganin kalma ɗaya da suka sani a cikin tambaya sai su juye duk abin da suka haddace. Shi ne hors-sujet, wato fita daga batu, kuma komai kyan Faransancinka ba ya kai ka 10 bisa 20.

In an ba ka awa 4, kada ka taɓa takardar amsa a awar farko. Ja layi ƙarƙashin manyan kalmomin tambayar, ka fassara kowace, ka fito da matsalar da ke ɓoye a ciki, wato problématique, a jimla ɗaya mai alamar tambaya. Daga nan ka tsara sassa 2 ko 3. Gabatarwa da kammalawa ka rubuta su cikakku a takardar gwaji. Tsakiyar kuwa kanun kawai, in ba haka ba lokacin kwafewa zai cinye ka. Gabatarwa ƙafa uku gare ta: shigar da zance, matsalar, sai sanar da tsarin da za ka bi. Kowane sakin layi ra'ayi ɗaya, hujjarsa, misalinsa. Ka bar minti 15 na ƙarshe don sake karantawa.

Yaya a Master, Zango:
Malam ya gama magana kan disertasiyo, bari in ƙara da taƙaita rubutu, don nan ne ake zubar da maki a banza. Galibi ana cewa ka mayar da rubutu kashi ɗaya cikin huɗu, da rangwamen kashi 10 cikin 100. Kalma 800 za ta koma 200, ke nan tsakanin 180 da 220. Wajen ƙirga, l'école kalma 2 ce, c'est-à-dire kuma 4. Kada ka rubuta "l'auteur dit que", ka shiga rigar marubucin ka yi magana da bakinsa, ka bi jerin tunaninsa, ban da ra'ayinka, ban da kwafe jimlolinsa.

Sannan ƙanena, kula da Hausar da ke bin mu har cikin Faransanci. Rana a wurinmu mace ce, wata namiji, amma can le soleil ne da la lune. Duk sabuwar kalma ka rubuta ta a kaye tare da le ko la ɗinta. In ka rikice tsakanin -é da -er, sa vendu ko vendre a gurbin, kunnenka zai faɗa maka. Tsakanin a da à kuwa, gwada avait: in ta zauna, babu alama a kai.

Sabon ɗalibi, Garin Malam:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya. To aikin gida fa, in na ɗauko bayani daga intanet laifi ne?

Malamin Faransanci, Birni:
Ɗaukowa ba laifi ba ne, ɓoye mai shi ne laifi. Jimlar wani ka sa ta cikin « », ka kawo sunansa, shekarar bugu da lambar shafi. Ko da kalmominka ka sake faɗin ra'ayin, sai ka ambaci mai shi. Malami yana ganewa nan take: sakin layi uku cike da kurakurai, na huɗu sumul kamar an goge. Kuma don Allah kada ka raina darasin don kiredi ɗinsa, wato nauyinsa a lissafin karatu, ba yawa. Zangon karatu ɗaya kiredi 30 ne, lisans 180, shi ma yana cikin lissafin. Tun makon farko ka tambayi malaminku yadda ake raba maki tsakanin gwajin aji da jarrabawar ƙarshen zango.