Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: ta dace da Vito Genovese?

Ɗan Fagge: Jama'a, a raba mini gardama. Labarin 'yan Mafiya, wato gungun masu manyan laifuka, na New York ne a 1957. Lucky Luciano, wanda Amurka ta kora Italiya a 1946, ya bar gungunsa a hannun Frank Costello, shi kuwa Vito Genovese yana ganin kujerar tasa ce. Ranar 2 ga Mayu aka harbi Costello a zauren benen da yake zaune, harsashin ya shafi fatar kansa kawai, sai ya sauka ya bar wa Genovese. Ranar 25 ga Oktoba aka bindige Albert Anastasia, shugaban wani gungun na daban, a kujerar aski, mataimakinsa Carlo Gambino ya gaje shi. Ƙarshenta Genovese kurkuku, Gambino kuwa ya fi kowa ƙarfi. Ba kura da gardi ke nan ba?

Baba Na Gwammaja: Ɗana, ka taɓa tsayawa kallon wasan kura? An sa mata takunkumi, sarƙa a wuya, ana ganga, gardi na janta yana dukanta, mutane na watsa kuɗi. Ba ita ta kawo kanta ba. Wannan magana ta wanda aka ci guminsa ce, akwai tausayi a cikinta. Wa ya ɗaure Genovese? Da ƙafarsa ya nemi mulki. In ka kira shi kura ka wanke shi.

'Yar Damagaram: Baba, a yi mini afuwa, ni ban ji tausayi a ciki ba. Mu a nan ana faɗinta ko ga wanda ya yi wahala da son ransa wani ya ci riba. Kuma kura ba tunkiya ba ce, mai karin maganar ya san dabbar da ya zaɓa. Ku duba taron shugabannin Mafiya a garin Apalachin na jihar New York ranar 14 ga Nuwamba, wanda aka fi danganta kiransa da Genovese, don manya su amince da sabon tsari. 'Yan sandan jiha suka lura da manyan motoci a gidan Joseph Barbara, mai masaukin taron, suka tare hanya. Wasu suka ruga daji da kwat da takalma masu tsada, aka tsare kusan 60. Duk kunyar a kan Genovese ta sauka, Gambino kuwa ya fita da kujerarsa.

Baba Na Gwammaja: To ai wannan "in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere" ce, 'yata. A 1959 aka yanke masa shekara 15 kan safarar ƙwaya, a tsare ya mutu a 1969. Costello da ya so kashewa ya kai 1973, ya mutu ba a hannun kowa ba.

Malama Ta Zariya: Ramin mugunta ma tana da matsala, Baba. Ana zargin Gambino da hannu a kisan ubangidansa, amma a gida ya mutu a 1976. Shi ina ya faɗa? Shi kansa Anastasia ya hau ne a 1951 bayan shugabansa Vincent Mangano ya ɓace, ba a taɓa ganin gawarsa ba. Abin da ke damuna, duk muna neman kura a cikin shugabanni. Masu shan bugun gaske su ne masu shago da leburorin tashar jirgin ruwa ta Brooklyn da ake tatsa, da matasan da aka saba wa ƙwaya. Ko wa ya hau, su dai biya suke yi.

Ɗan Fagge: Malama, kin canza mini lissafi. Ke nan gardawa ne duka ke rikici a kan wa zai riƙe sarƙar?

'Yar Damagaram: A kan leburorin na yarda da Malama. Amma tsakanin Genovese da Gambino ina nan kan bakata, Yaya. Ka sa ta a rubutunka, sai dai ka faɗi wace kura kake nufi.