Yaya mutanen bakin teku suke tsira daga ambaliya, kuma me Maradi za ta ɗauka daga gare su?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum. Tun ƙarshen watan Agustan 2024, lokacin da ruwan sama ya rusa gidajen ƙasa masu yawa a Maradi har aka rasa rayuka, wata tambaya take damuna. A ranar na tsaya cikin ruwa har gwiwa, ga mahaifiyata a bayana, ga katanga tana jiƙewa tana zubowa, amma ban san inda zan kai ta ba. Mutanen bakin teku, waɗanda guguwa ke afka wa kusan kowace shekara, wane shiri suke yi da mu ba mu yi?

Malama Mai Labarin Ƙasa:
Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya kiyaye gaba. Ka duba Bangaladash. Guguwar 1970 ta kashe mutane aƙalla 300,000, ta 1991 ta kashe kusan 138,000, amma guguwar Sidr ta 2007, duk da ƙarfinta, waɗanda ta kashe ba su kai 5,000 ba. Abin da ya rage asarar shi ne tsarin da suka kafa tun farkon shekarun 1970, na ƴan sa-kai daga cikin ƙauyukan kansu, masu yawo da lasifika da tutocin gargaɗi da zarar an hango guguwa. Sun kuma gina mafaka ta siminti a kan dogayen ginshiƙai, wadda a sauran ranaku makaranta ce, saboda haka kowane yaro ya san hanyarta. Abin da ya fi burge ni shi ne tudun ƙasa da suke tarawa domin dabbobi, don sun gane cewa talaka ba zai gudu ya bar saniyarsa ba. Ai mu ma haka muke da awakinmu.

Alhaji na Hanyar Kwatano:
Malama ta yi gaskiya, sai dai ina so a yi hattara da aikin gaggawa. A garin Sanluwi na Sanagal, a shekarar 2003, hukuma ta yanka wata ƴar hanya mai faɗin mita 4 a cikin rairayin da ya raba kogi da teku, domin ruwan da ya yi wa gari barazana ya fita. Ruwan ya fita, amma teku ta ci gaba da cin bakin hanyar har ta kai faɗin kilomitoci, ƙauyuka suka nutse, masunta da dama suka halaka a mashigar. A gabashin Kwatano kuwa na ga duwatsun da aka jera cikin teku don tsare gaɓa. Sun tsare inda aka sa su, zaizayar kuma ta koma gaba.

Dattijo daga Mokoyo:
Ƴaƴana, ba sai mun je teku ba. Tsohuwar Maradi a cikin fadamar Gulbi take, kuma ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi gari aka hau tudu. Iyayenmu sun bar gidajen kakanninsu don su tsira, yau kuma muna sayar da filaye a kan hanyar ruwa, muna cika lambatu da leda da shara, sai damina ta zo mu ce ƙaddara. Ni abin da nake roƙo shi ne kowace unguwa ta zauna da mai unguwa da limamai kafin watan Yuni, a tsayar da makaranta ko masallacin siminti da za a nufa, a kuma san gidajen da tsofaffi da marasa lafiya suke.

Ɗan Bagalam:
Na gode, Baba. Akwai makaranta a kan tudu kusa da mu, kuma ranar Juma'a bayan salla zan kai maganar wurin mai unguwa. Malama, don Allah, su ƴan sa-kan nan wa yake ba su labari tun farko, rediyo ne ko ma'aikatar hasashen yanayi?